Duwatsun Riruwai da Shaidar da Jini Ke Bayarwa

Wanda ya ɗauki hanyar Jos daga Kano, ya bar Kwanar Ɗangora a baya, ya wuce Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore, zai ga ƙasa ta sauya kama. Shimfiɗaɗɗen fili ya ƙare, duwatsu sun ɗago kai, har a isa Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, can ƙarshen kudancin jihar. Tun kafin zuwan Turawa mutanen wannan gari suke narka kuza, su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake su kai ta kasuwanni. Zamanin mulkin mallaka kamfanoni suka shigo, daga baya aka haƙa rami mai zurfi a ƙarƙashin dutse ana bin jijiyar kuza da tutiya. A shekarun 1980 aikin kamfani ya durƙushe, farashin kuza ma ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Amma haƙa bai tsaya ba. Ya koma hannun masu diga da shebur, da masu wanke yashi a bakin ƙorama.

Akwai abin da ba a cika faɗa ba game da waɗannan duwatsu. Tun farkon shekarun 1950 masana ƙasa na Ingila suka bincika dutsen Kaffo da ke cikin da'irar Riruwai, saboda wani ma'adini da ke cikinsa mai suna fairokulo yana ɗauke da yuraniyom. Duwatsun nan 'yan gida ɗaya ne da na Jos, kuma a Jos an daɗe da sanin cewa tarkacen da ake bari bayan an cire kuza da kwalambait yana cike da monazait da zakon, ma'adinai masu ɗauke da toriyom da yuraniyom. Wanki shi ke tattara su. Ruwa ya tafi da yashi mara nauyi, mai nauyin ya zauna a gindin kwano, kuma a cikin mai nauyin nan ne abubuwan da ke fitar da tururin nukiliya suke taruwa. Wannan tururi, wanda likitoci ke kira radiyeshin, ba a ganinsa, ba ya wari, ba ya zafi a fata lokacin da yake shiga.

To, mutumin da ya yi shekara ashirin yana wannan aiki, ko wanda ya yaɓe ɗakinsa da yashin tarkace, yana da haƙƙin ya tambaya: shin akwai gwajin jinin da zai nuna yawan abin da jikina ya sha? Akwai. Ya haura shekara 60 ana amfani da shi, kuma yana daga cikin gwaje-gwajen da masana suka fi amincewa da su. Sai dai ra'ayina shi ne, wannan gwaji shaida ne mai ƙarfi a wata shari'ar, mai rauni a wata. Shari'ar Riruwai tana cikin waɗanda yake da rauni a kansu, wadda yake da ƙarfi a kanta kuwa tana iya faɗo mana ta wata ƙofar da ba mu sa ido a kai ba.

Mutanenmu sun san gwajin jini na gubar dalma tun bayan abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da yara wajen 400 suka rasu a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinariya a tsakar gida. A can abu ne mai sauƙin fahimta: dalmar tana cikin jinin, a ɗiba a auna ta. Tururin da ya ratsa mutum daga waje ba haka yake ba. Yana wucewa ne ya fita, ba ya barin komai nasa a jiki. Abin da ya rage shi ne ɓarnar da ya yi, kamar yadda ake gane girman garken da ya ratsa gona da dare daga yawan karan da ya karye. Saboda haka mai gwajin ba tururi yake nema ba, karaya yake ƙirgawa.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai zaren gado, wato DNA, a naɗe cikin ƙunshi 46 da ake kira kuromosom. Sai a 1956 aka tabbatar da wannan adadi, kafin nan littattafai 48 suke cewa. Idan ƙwaya ta zo rabuwa gida biyu, kowane kuromosom yana kumbura ya fito fili, kamannin sanda biyu da aka jera aka ɗaure a ƙugu. Wannan ƙugu shi ne wurin da ƙwayar ke kamawa ta ja kowane rabi zuwa ɓangarensa. Lafiyayyen kuromosom ƙugu ɗaya gare shi.

Idan tururi ya ratsa ƙwaya yakan tsinka zaren. Jiki yana da masu gyara, kuma cikin 'yan sa'o'i sukan ɗinke mafi yawan abin da ya tsinke daidai yadda yake. Matsala tana zuwa ne idan kuromosom biyu da ke kusa da juna suka tsinke a lokaci guda. Nan mai gyara yakan yi kuskure, ya haɗa gangar wannan da gangar wancan. Sai a sami kuromosom guda mai ƙugu biyu, da wani guntu a gefe wanda ba shi da ƙugu ko ɗaya. Wannan mai ƙugu biyu shi ne zuciyar gwajin gaba ɗaya, saboda dalili guda: da wuya wani abu ya haddasa shi in ba tururi ba. Zazzaɓi ba ya kawo shi, yunwa ba ta kawo shi, sinadarai kaɗan ne ƙwarai ke iya kwaikwayonsa. A jinin mutumin da bai taɓa haɗuwa da wani tururi na musamman ba, akan sami kamar guda ɗaya a cikin ƙwaya 1,000. Fili ne a share, ko sawu ɗaya aka ƙara za a gani.

Jajayen ƙwayoyin jini ba su da amfani a nan, domin ba su da kuromosom. Wani jinsi na fararen ƙwayoyi ake nema, limfosait. Suna zagaya jiki ko'ina, suna daɗewa a raye, wasu har shekaru, kuma a zaune suke ba sa rabuwa, saboda haka ɓarnar da ta same su tana nan a ajiye. Zamansu ɗin ne kuma ya daɗe yana hana a duba su, tunda ba a ganin kuromosom sai ƙwaya ta zo rabuwa. A 1960 wani masani a Amurka, Peter Nowell, ya gano cewa wani sinadari da ake samu a cikin jan wake yana tayar da su su fara rabuwa a cikin kwalba. Shekara biyu bayan haka Michael Bender da Carolyn Gooch suka kawo shawarar a riƙa ƙirga masu ƙugu biyu domin kimanta tururi, kuma suka gwada hanyar a kan ma'aikata uku da haɗari ya rutsa da su a masana'antar nukiliya ta Hanford a watan Afrilun 1962.

Aikin kansa bai sauya sosai ba tun daga lokacin. Ana ɗibar jini kamar cokali biyu na shayi a kwalba mai maganin hana daskarewa. Ba a saka shi a ƙanƙara, ba a kuma barin sa a rana, abin da ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda zai ɗauko jini daga Doguwa a watan Afrilu. A ɗakin gwaji a zuba shi cikin ruwan reno tare da sinadarin waken, a ajiye a akwatin ɗumi a ma'aunin zafin jiki, digiri 37, na tsawon sa'a 48. Idan wuta ta ɗauke akwatin ya huce, aiki ya lalace. Idan aka zarce lokaci ƙwayoyin suka shiga rabuwa ta biyu, an yi asarar shaida, domin ƙwaya mai irin wannan lahani ba ta cika tsallake rabuwa da rai ba: ana jan kuromosom ɗin ta ƙugu biyu zuwa ɓangarori biyu, ya sake tsinkewa ko ya maƙale a tsakiya. Gab da cikar lokaci ana zuba wani magani da ke tsayar da ƙwayoyin cak a tsakiyar rabuwa, a kumbura su da ruwan gishiri mara kauri, a ɗiga a kan gilashi su fashe, kuromosom su baje, a rina su. Daga nan sai mutum ya zauna gaban madubin ƙara girma ya fara ƙirga. Ƙwaya ɗaya bayan ɗaya, a tabbatar ta cika 46, a duba ƙugun kowane. Ƙwaya 500 ko 1,000 ake so ga mutum guda, aikin da kan ci wa ƙwararre kwana biyu ko uku. Yanzu akwai na'urori masu kwamfuta da ke nemo ƙwayoyin su ɗauki hotonsu, amma hukuncin ƙarshe a wurin idon da ya saba yake.

Ƙirga kaɗai ba ta ba da amsa sai an gwada ta da ma'auni, kuma kowane ɗakin gwaji shi ke haɗa nasa. Ana karɓar jinin masu lafiya, a haska masa tururi da aka san adadinsa, kaɗan, da matsakaici, da mai yawa, a ƙirga abin da kowane mataki ya haifar, a zana jadawali. Ana auna tururin da jiki ya sha da wani ma'auni mai suna girei. A jadawalin da aka saba samu da tururin gama, wato nau'in da ke ratsa jiki daga waje, girei 1 da aka sha lokaci guda yana ba da abin da ya kusa 80 a cikin ƙwaya 1,000. Girei 2 yana ba da kusan 280. A girei 4 kusan kowace ƙwaya tana da guda. Mai karatu zai lura cewa ninka tururi sau biyu ya ninka ɓarnar fiye da sau uku. Dalili shi ne abin da muka faɗa: ana buƙatar karaya biyu kusa da juna a wuri da kuma lokaci, kuma idan tururi ya yi yawa a lokaci guda, damar haɗuwar biyun tana hauhawa da sauri. A riƙe wannan, domin a kansa maganar Riruwai za ta tsaya. Mafi ƙarancin abin da gwajin ke iya ganowa da tabbaci shi ne kimanin kashi ɗaya cikin goma na girei.

Ina amfanin sanin adadin? Ga likita, bambancin rai da mutuwa ne. Ƙasa da girei 1, mutum ba ya buƙatar kwanciya, sa ido da kwantar da hankali yake buƙata. Daga girei 2 zuwa sama ɓargo ya taɓu, kuma ɓargo ne ke ƙera jini. Mutum zai yi amai da gudawa a ranar farko, ya ji sauƙi na mako biyu ko uku har a ɗauka ya warke, sannan jininsa ya rushe, ƙwayoyin cuta su same shi ba kariya. Wajen girei 4, idan ba magani, rabin waɗanda abin ya shafa ba sa tashi. Wanda aka san adadinsa da wuri ana iya keɓe shi, a ba shi magungunan tayar da ɓargo da na kashe ƙwayoyin cuta da ƙarin jini kafin rushewar ta zo. Ma'aikacin tashar nukiliya yana da ɗan bajo a ƙirji mai rubuta abin da ya sha. Manomi da ɗan gwangwan ba su da shi, jininsu ne bajonsu. Har ma gwajin yana iya nuna ko jiki duka ne ya sha ko wani sashe: idan ɓarnar ta watsu daidai a tsakanin ƙwayoyi, jiki duka ne, idan kuwa wasu ƙwayoyi kaɗan sun cika da lahani sauran suna lafiya lau, to abin a aljihu ko a hannu aka riƙe shi.

Labarin da ya kamata kowane mai sana'ar gwangwan ya ji shi ne na birnin Goyaniya a Burazil. Ranar 13 ga Satumban 1987 wasu mutum biyu suka shiga wani asibitin gashin ciwon daji da aka yi watsi da shi, suka kwance kan wata na'ura suka tura a baro zuwa gida. Suka fasa, suka sayar wa mai tarin ƙarafa. Shi kuma ya ga wani gari a ciki yana shuɗin haske a duhu, ya kai cikin gida, ya rarraba wa 'yan uwa da abokai. Sinadarin siziyom ne. Mutane suka yi ta amai, ana cewa abinci ne ya ɓata musu ciki, sai da aka shafe mako biyu kafin a gane. Mutum 4 suka rasu, ciki har da yarinya 'yar shekara 6. Aka sami mutum 249 da garin ya taɓa, aka auna wajen 112,000 da tsoro ya kora filin wasa. Gwajin kuromosom da aka yi wa sama da mutum 100 shi ya taimaka wa likitoci suka tantance wanda ke cikin haɗari na gaske. A Masar, a ƙauyen Mit Halfa a shekarar 2000, wani manomi ya tsinci ɗan ƙarfe mai sheƙi da masu duba waldar bututu suka yar, ya kai gida yana zaton abu ne mai daraja. Shi da ɗansa ɗan shekara 9 suka rasu. A Maroko a 1984 irin wannan tsintuwa ta kashe mutum 8. A kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Mayapuri a birnin Delhi a 2010 mutum ɗaya ya mutu wasu suka jikkata.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faru a tashar nukiliya. A gidajen talakawa da wuraren tara ƙarfe suka faru. Kowa kuma ya san su waye ke tura baro da kura suna tsintar ƙarfe a Legas da Fatakwal da Warri da Abuja: yaranmu ne, daga Kiru da Bebeji da Tudun Wada da sauran garuruwan Arewa. Kamfanonin mai suna amfani da irin waɗannan ƙarafa wajen auna rijiyoyi da duba walda, asibitoci suna amfani da su wajen gashin ciwon daji. Ƙarfen da aka tsinta a kudu yana iya kwana a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kafin mako ya zagayo. Yaron da ya dawo gida da amai da zazzaɓi da ƙuna a cinya ba tare da wuta ta taɓa shi ba, abin da za a fara ba shi maganin maleriya ne, in bai ji sauƙi ba a ce taifot. A wannan shari'ar ce jini yake shaida da babbar murya, in dai akwai wanda ya san ya tambaye shi, kuma cikin makonnin farko.

Mu koma Riruwai. Mai haƙa ba ya shan tururinsa a sa'a ɗaya, yana kurɓarsa ne kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. A irin wannan yanayi karaya ta farko takan ɗinke tun kafin ta biyu ta zo, saboda haka hauhawar nan mai sauri ba ta samuwa. Mu yi lissafi. A matsakaici, kowane ɗan Adam yana shan milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da abinci da sararin sama, kuma ga tururin gama milisibat 1,000 ne ke yin girei 1. Ƙa'idar duniya ta ce kada ma'aikaci ya wuce milisibat 20 a shekara a matsakaicin shekara biyar, sauran jama'a kuma kada abin da ayyukan mutane ke ƙara musu ya wuce 1. A ce mai wanke kuza ya sha wannan 20 ɗin cif a shekara. Abin da zai ƙaru a jininsa bai kai rabin guda a cikin ƙwaya 1,000 ba, alhali da ma akwai guda ɗaya a wurin ko ba komai. Ga kuma wani cikas: ƙwayoyin da ke ɗauke da shaidar suna mutuwa a hankali ana maye gurbinsu da sababbi, an kiyasta rabinsu kan ɓace cikin kamar shekara uku. Jinin yana rubutawa yana gogewa. Sai a gwada mutumin da ya zarce ƙa'ida shekara goma a jere a ce masa ba a ga komai ba, ya koma rami da ƙarfin gwiwar da bai kamata ya samu ba. Wannan ne abin da nake tsoro idan aka tallata gwajin a matsayin amsar kowace tambaya.

Akwai wata hanyar da ake bi domin tsohuwar ɓarna. Wani lokaci kuromosom biyu sukan yi musayar guntaye, kowane ya tashi da ƙugu ɗaya. Irin wannan ƙwaya tana rabuwa lafiya ta gadar wa 'ya'yanta lahanin, saboda haka shaidar tana daɗewa shekaru da dama. Ana ganin ta ne idan aka shafa wa wasu kuromosom rini mai ƙyalli, a ga ja ya manne a jikin kore. Da ita aka bibiyi waɗanda suka tsira daga bam ɗin Hiroshima da ma'aikatan da suka share tashar nukiliya ta Canobil bayan haɗarin 1986. Amma filinta ba a share yake ba. Musayar tana taruwa da shekaru ko ba tururi, dattijo ya fi saurayi nesa ba kusa ba, mai shan taba ya fi wanda ba ya sha. Ga tsada. A yankin Yangjiyang na ƙasar Sin, inda ƙasa ke da monazait kuma tururinta ya ninka na maƙwabta kusan sau uku, masana sun ƙirga dubban ƙwayoyi. Sun ga masu ƙugu biyu suna ɗan ƙaruwa da yawan abin da mutum ya sha a rayuwarsa idan aka duba jama'a a dunƙule, amma a wajen musayar guntaye bambancin ya nutse a cikin na shekaru da taba. A Namibiya wani bincike na 1997 ya ce mahaƙan yuraniyom suna da ɓarnar kuromosom fiye da sauran mutane, aka sake wani a 2001 da ƙwararrun ɗakunan gwaji na waje ba su tabbatar da hakan ba. Ma'anar duk wannan ita ce, a ƙaramin tururi gwajin yana iya cewa wani abu game da gari, in an yi shi da taka-tsantsan da mutane masu yawa, amma ba zai iya ce wa mutum ɗaya ga adadinka ba.

Kuma babban haɗarin mai haƙa ba ma ta jini yake bi ba, ta huhu ne. Yuraniyom yana haifar da wata iska mai suna radon wadda ke taruwa a rami da ɗakin da ba ya shan iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a sahun gaba cikin masu haddasa ciwon dajin huhu, bayan taba. Radon da ƙurar monazait suna fitar da wani nau'in tururi mai gajeren zango, wanda ko takarda tana tare shi, amma idan ya zauna a huhu yana dukan naman da ke jikinsa ba ƙaƙƙautawa. Huhu ya sha da yawa, jinin da ke zagayawa ya sha kaɗan. Wannan ne ya sa koke-koken tsofaffin ma'aikatan Arlit da Akokan a Nijar, inda aka fara fitar da yuraniyom tun 1971 kuma aka rufe mahaƙar Cominak a ƙarshen Maris na 2021, ba abu ne da kwalbar jini za ta warware ba. Abin da ya fito da maganar fili a can na'urar awo ce: ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa da ƙungiyar Aghirin'man ta mutanen garin sun auna tituna da ruwa da tsofaffin ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa, suka nuna lambobi.

Abin da Riruwai ke buƙata ke nan, kuma ya fi gwajin kuromosom araha nesa. A zagaya da na'urar awo a wuraren wanki, da tsibin tarkace, da shagunan da ake tara buhunan ma'adini, da ɗakunan da aka yaɓe da yashin rami. A ajiye 'yan ƙananan ma'aunan radon a ramuka da ɗakunan kwana na wata uku. A auna ruwan rijiyoyi da na tsofaffin kududdufan haƙa da ake ban-ruwa da shayar da dabbobi da su. A rataya wa masu aikin injin tace ma'adini bajo. Sannan a dawo a faɗa wa mutane sakamakon da Hausa, a gaban dagaci da shugabannin mahaƙa, ba a kai shi mujallar da ba mai karantawa a Doguwa ba. Matakan kariya ma ba masu wuya ba ne: kada a kwana ɗaki ɗaya da buhunan baƙin yashi, kada a yi gini da tarkace, a jiƙa dutse kafin a niƙa, a rufe hanci, a wanke hannu kafin cin abinci, a raba yara da wurin. Mai haƙa da ke shan taba kuma ya sani cewa radon da hayaƙi in sun haɗu, haɗarin ninkuwa yake yi.

Masu wannan aiki ba su da nisa. A Zariya akwai Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke riƙe da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike tun 2004. Akwai Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, wadda dokar 1995 ta kafa ta fara aiki a 2001, kuma kare jama'a daga tururi shi ne aikinta. A Kano akwai Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Wudil akwai jami'ar kimiyya ta jiha. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, ta wallafa cikakken littafin jagora kan gwajin kuromosom tun 1986, ta sabunta shi a 2001 da 2011, tana kuma horar da ma'aikatan ƙasashe mambobinta, Najeriya da Nijar duka suna ciki.

Game da gwajin jinin kuwa, abin da nake kira a kai shi ne a tabbatar akwai ɗaki aƙalla ɗaya tsakanin Zariya da Kano da ke a shirye kullum: da jadawalinsa da ya haɗa da kansa, da wutar da ba ta yankewa sa'a 48, da mutum uku ko huɗu da idonsu ya saba, waɗanda ake gwada ƙirgarsu da ta takwarorinsu na waje lokaci-lokaci. Jadawali yana cin watanni kafin ya kammala, ba a fara shi ranar da aka kawo mara lafiya. Idan mutane suka yi yawa, ƙwaya 50 ga kowane mutum ta isa a raba masu buƙatar gado da masu buƙatar komawa gida, amma sai in ɗakin yana nan. Likitoci da ma'aikatan jinya a manyan asibitocin Doguwa da Tudun Wada da Kiru da Bebeji su ma a sanar da su alamomin: amai a gida guda ba tare da dalili ba, ƙuna ba wuta, zubar gashi, da fararen ƙwayoyin jini da ke raguwa cikin kwana biyu, abin da gwajin jini na yau da kullum ke nunawa. Su riƙa tambayar sana'ar mara lafiya da abin da ya tsinta.

Ku kuma shugabannin 'yan gwangwan, ku nuna wa yaranku alamar gargaɗin tururin nukiliya, mai fuka-fuki uku kamar farfelar fanka a kan launin rawaya. Duk ƙarfen da ke ɗauke da ita, ko ƙaramin tulun ƙarfe da nauyinsa ya fi girmansa, kada a fasa, kada a sa a aljihu, kada a kai gida. A matsa nesa da shi, a hana yara zuwa wurin, a sanar da hukuma.